Yadda Ake Zaɓar Gwani a Gasar Adabi

A watan Oktoba na 2016, a birnin Legas, aka sanar da cewa Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jarida haifaffen Jos, shi ne ya lashe Kyautar Adabi ta Nijeriya da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Kuɗin kyautar dala 100,000 ne. Littafin yana ba da labarin Hajiya Binta, gwauruwa mai shekara 55, da wani matashin shugaban 'yan daba da ake kira Reza. A Arewa an yi murna, an kuma yi muhawara a kan jigon. Amma akwai tambayar da ba kowa ya tsaya ya yi ba: a cikin littattafai 173 da aka shigar a shekarar, ta wace hanya aka bi har aka tsaya a kan guda ɗaya, kuma me ya hana wani mai uwa a gindin murhu ya karkatar da sakamakon?

Duk wanda ya taɓa halartar musabaƙar Alƙur'ani ya san yadda alƙalanci yake idan akwai ma'auni a fili. Mai karatu ya tsallake aya ko ya ja abin da ba a ja, sai a kaɗa masa ƙararrawa, a rage masa maki, jama'a na gani. Labari ba shi da irin wannan ƙararrawa. Alƙali biyu za su karanta shafi ɗaya, wannan ya ce ya ratsa shi, wancan ya ce ya gundure shi, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Tunda ba a iya raba alƙali da ɗanɗanonsa, masu shirya manyan gasa sun karkata ga abin da za a iya tsarawa, wato rarraba aikin, ta yadda mai ba da kuɗi daban, mai kafa ƙa'ida daban, mai karatu da yanke hukunci daban.

Mai kuɗi, mai ƙa'ida, mai karatu

Kamfanin iskar gas na NLNG, mai masana'anta a tsibirin Bonny na Jihar Ribas, shi ya kafa wannan kyauta a 2004. Ta fara da dala 20,000, ta riƙa hawa har ta kai 100,000 a 2011. Tana zagayawa ne tsakanin fannoni huɗu: ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. Marubucin labari kan jira shekara huɗu kafin zagayen ya dawo kansa, shi ya sa ake karɓar littafin da aka buga a cikin shekaru huɗun da suka gabata. Wannan juyi kansa wani nau'in adalci ne, domin ba a gwada siririn kundin waƙoƙi da labari mai shafi 400 a sikeli ɗaya.

Kamfanin ba ya karanta littattafan da kansa. Tsakaninsa da alƙalai akwai kwamitin ba da shawara, wanda Farfesa Ayo Banjo, tsohon shugaban Jami'ar Ibadan, ya daɗe yana jagoranta, daga baya Farfesa Akachi Adimora-Ezeigbo ta gaje shi. Kwamitin ne ke kula da ƙa'idoji, shi ke karɓar littattafai daga hannun kamfanin ya miƙa wa alƙalai a gaban 'yan jarida, shi kuma ke sanar da sakamako. Alƙalan yawanci uku ne, kuma ana sauya su kowace shekara. A 2016 Farfesa Dan Izevbaye ne shugabansu, tare da Farfesa Isidore Diala da Farfesa Asabe Kabir Usman ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ba laifi ba ne mutum ya yi zargin cewa kamfanin gas ba zai ba da kyauta ga littafin da ya taɓa harkar mai ba. Tarihin gasar ya ba da amsa a aikace. A 2006 wasan kwaikwayon Ahmed Yerima, Hard Ground, wanda ya taɓo tayar da ƙayar bayan matasan yankin Neja Delta, shi ya yi nasara. Bayan shekara biyu sai Kaine Agary ta lashe da Yellow-Yellow, labarin wata yarinya da malalar ɗanyen mai ta lalata gonar mahaifiyarta. Da mai kuɗin ne ke riƙe da alƙalamin maki, da wuya waɗannan biyu su kai labari.

Tankaɗe da rairaya

Kafin alƙali ya buɗe shafin farko, akwai tacewa ta ƙa'ida wadda ba ruwanta da daɗin rubutu. Shin marubucin ɗan Nijeriya ne? A wace shekara aka buga littafin? Ya iso kafin ranar rufewa? Fanninsa ne ake yi a bana? Littafin da ya faɗi a nan ya faɗi ke nan, ko da ya fi sauran armashi. Marubuta da yawa na ganin wannan tsanani ne, amma ranar da aka yi wa mutum ɗaya alfarmar kawo nasa a makare, an buɗe ƙofar da ba za ta sake rufuwa ba.

Daga nan karatu ya fara. Alƙalai kan raba lokacinsu tsakanin karatun kowa shi kaɗai da zaman tattaunawa, suna rage adadin sannu a hankali. A gasar NLNG akan sanar da jerin littattafai 11 a wajajen watan Yuli, sannan a tace su zuwa uku, sannan a fitar da gwani a watan Oktoba. Tsakanin jerin farko da na ƙarshe, ƙungiyar CORA ta masu fasaha a Legas kan shirya taro inda marubutan 11 ke karanta sassan littattafansu, suna amsa tambayoyin jama'a. Sanar da jerin a fili yana da amfanin da ya wuce talla. Masu sharhi da masu karatu na samun makonni suna karanta littattafan, suna auna zaɓin alƙalai, kuma idan akwai satar fasaha ko karya wata ƙa'ida, a wannan tsakanin ne ta fi saurin tonuwa.

Ukun ƙarshe na 2016 sun nuna irin wuyar aikin. Ban da littafin Abubakar, akwai Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin almajiri Ɗantala da rikicin addini da siyasa ya rutsa da shi a Sakkwato, da kuma Night Dancer na Chika Unigwe, wadda ta riga ta ci wannan kyauta a 2012. A irin wannan mataki ake shigo da wani ido daga waje, masani daga wata ƙasa da ke karanta ukun ƙarshe ya rubuta nasa rahoton daban. Dalilin a bayyane yake: duniyar adabin Nijeriya ƙarama ce. Alƙali na iya zama malamin marubuci a jami'a, ko abokin aikinsa, ko wanda suka taɓa yin sa-in-sa a shafin jarida. Ita kanta Farfesa Adimora-Ezeigbo ta ci kyautar a 2007 kafin ta zama shugabar kwamiti, haka ma Ahmed Yerima ya zama mamba bayan nasararsa. Kowa ya san kowa. Baƙon da ba shi da ɗalibi ko abokin gaba a cikin 'yan takara yana zama ma'aunin da ake gwada hukuncin alƙalan gida da shi.

Shekarun da ba a samu gwani ba

Sau uku alƙalan wannan gasa suna cewa babu wanda ya cancanta: 2004, 2009 da 2015. A shekarar farko ma haka aka fara, aka yaba wa marubuta uku ba tare da an naɗa gwani ba. A 2009 mawaƙa tara ne suka kai matakin ƙarshe, aka tashi ba wanda ya ci, aka miƙa kuɗin ga Cibiyar Masana Adabi ta Nijeriya. Ƙura ta tashi sosai. Marubuta suka ce in dai littafi ya isa a saka shi a jerin ƙarshe, to ya isa a ba shi kyauta, wasu kuma suka soki yadda kuɗin marubuta ya koma hannun malaman jami'a. A 2015, shekarar adabin yara, littattafai 109 aka shigar, alƙalai suka ce ba wanda ya kai mizanin da ake nema, suna kuka da rashin tace rubutu da rashin fahimtar abin da ya dace da yaro mai karatu.

Hana kyauta hukunci ne mai zafi, kuma har yau ana saɓani a kansa. Masu goyon baya na cewa kyautar da dole sai an bayar ko da kayan ba su yi kyau ba, darajarta zubewa take yi. Masu suka na cewa gasa tsere ce, wanda ya riga isa shi ya ci, ko da gudun bana bai kai na bara ba. Abin lura shi ne surutun ya yi tasiri. Da farko 'yan Nijeriya mazauna gida kaɗai aka yarda su shiga. Daga 2010 aka buɗe wa na ƙetare, kuma a shekarar marigayi Esiaba Irobi, wanda ya yi zaman koyarwa a waje, ya ci da wasansa Cemetery Road bayan rasuwarsa. Sunayen alƙalai ma, waɗanda a shekarun farko ake ɓoyewa don kada a bi su gida da roƙo, daga baya aka koma bayyana su, domin wanda zai yanke hukunci a kan aikin shekarun mutum ya kamata a san shi, a kuma iya tuhumarsa.

Yadda ake yi a Landan da Sitokholm

Kyautar Booker ta Ingila, wadda aka fara a 1969, tana da alƙalai biyar da ake sauyawa duk shekara, kuma ba malaman jami'a kaɗai ba: akan haɗa marubuta, 'yan jarida, 'yan wasa, wani lokaci har 'yan siyasa. Kamfanonin ɗab'i ne ke shigar da littattafai, kowanne da iyakar adadin da aka yarje masa, amma alƙalai na da ikon kiran littafin da ba a shigar ba idan sun ga ya dace. Sukan karanta fiye da littattafai 150, su fitar da 12 ko 13, su sake karanta su su fitar da shida, su sake karanta shidan. Littafin da ya ɗauki fam 50,000 an karanta shi sau uku ke nan. Labarin da ke burge mutum a karatun farko kawai ba ya jure wannan. Ben Okri na Nijeriya ya tsallake wannan siraɗi a 1991 da The Famished Road.

Ko a can ma ƙa'ida kan gamu da taurin kan ɗan Adam. A 1992 alƙalai sun raba kyautar tsakanin Michael Ondaatje da Barry Unsworth, sai masu gasar suka kafa dokar cewa ba za a ƙara rabawa ba. A 2019 alƙalai suka shafe kusan awa biyar suna muhawara, suka kasa zaɓa tsakanin Margaret Atwood da Bernardine Evaristo. An tuna musu da dokar, suka ƙi, aka raba. Mutane da yawa sun ji haushi, musamman ganin cewa Evaristo ce baƙar mace ta farko da ta ci kyautar, ga shi an sa ta raba kambun da wata.  Abin da ya ɓata wa jama'a rai shi ne sauya doka bayan an gama wasa.

Kyautar Nobel ta adabi kuwa hanyarta daban ce. Mambobi 18 na Cibiyar Sweden ne ke zaɓe, kuma ba a sauya su duk shekara. Ana aika wasiƙun neman sunaye ga malaman adabi, tsofaffin gwanaye da shugabannin ƙungiyoyin marubuta, a rufe karɓa ranar 31 ga Janairu. Ba a yarda mutum ya gabatar da kansa ba. Ƙaramin kwamiti ya tace sunayen zuwa 15 ko 20 a watan Afrilu, zuwa biyar a watan Mayu, mambobi su shafe watannin da ke biye suna karatu, a kaɗa ƙuri'a a watan Oktoba, kuma sai wanda ya samu fiye da rabin ƙuri'u. Ana kulle bayanan tattaunawar har shekara 50, don haka sai bayan 2036 za a ga yadda aka yi muhawarar da ta ba Wole Soyinka kyautar a 1986.

Sirrin yana ba mambobi damar faɗin ra'ayinsu ba tsoro, amma a 2018 ya nuna rauninsa. Mijin wata mamba, Jean-Claude Arnault, ya fuskanci zarge-zargen cin zarafin mata, kotu ta same shi da laifin fyaɗe, binciken cibiyar kuma ya zarge shi da fallasa sunayen gwanaye kafin sanarwa. Mambobi da dama suka janye, aka ɗage kyautar shekarar, sai a 2019 aka ba Olga Tokarczuk ta Poland. Aka gyara dokokin cibiyar har aka ba mambobi damar yin murabus, abin da a da babu shi.

A gidan Hausa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ma gasa ce ta haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Littattafan sun zama ginshiƙai, ba mai musun haka. Sai dai a ma'aunin yau, mutum ɗaya ya zama mai kiran gasa, mai tacewa, edita, mai bugawa, kuma abokin rubutun ɗaya daga cikin littattafan, abu ne da babu gasar da za ta lamunta.

Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ta Hukumar Al'adu ta Tarayya a 1982 kuma ta ba da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. A wannan zamani, gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ita ce aka fi sani. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cin ta da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira. Ana shigar da ɗaruruwan gajerun labarai, masu tacewa su rage su, alƙalai su fitar da uku na kan gaba da wasu 12 da suka cancanci yabo, a karanta su a rediyo kowa ya ji. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ce ta zo ta ɗaya da Garar Biki.

Gasar gajeren labarin da ba a taɓa bugawa ba tana da wata dama da gasar littafi ba ta da ita: ana iya cire sunan marubuci a maye gurbinsa da lamba, alƙali ya karanta bai san na wane ne ba. Haka ake yi a gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth. Littafin da ke kasuwa kuwa ba a iya ɓoye mai shi, sunansa na kan bango. Ƙungiyoyin marubutan Hausa da ke shirya gasa a Kano, Katsina, Gusau ko Damagaram, da masu yi a Facebook da WhatsApp, suna da wannan makami a hannu kuma ba ya cin ko sisi. Sauran matakan ma ba kuɗi suke buƙata ba: a wallafa ƙa'idoji tun kafin a fara karɓar rubutu, a faɗi abin da za a duba, kamar jigo, zubi da tsari, salo da ƙa'idojin rubutu, a sa alƙalai su zama uku ko biyar don kada a yi kunnen doki, alƙalin da ya gane rubutun ɗalibinsa ko ɗan uwansa ya faɗa ya janye daga hukunci a kansa, a kuma karanta rahoton alƙalai a bainar jama'a ranar ba da kyauta. Wanda bai ci ba yana da haƙƙin jin dalilin da ya sa wani ya ci.

Akwai kuma rashin daidaiton da ke faruwa tun kafin alƙali ya zauna. Duk littattafan da suka ci kyautar NLNG da Turanci aka rubuta su, don haka marubuciyar da dubban mata ke karanta littafinta na Hausa a Kano da Yamai ba ta cikin lissafin dala 100,000. Marubucin da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, ba edita ba mai duba kurakurai, yana karawa ne da wanda babban kamfani a Landan ya tace masa kowane layi. Alƙalai na iya yin gaskiya iyakar gaskiya a kan abin da aka ajiye a gabansu, amma ba su ne ke zaɓar abin da ke isowa teburin ba.

Zagayen ƙagaggen labari ya sake dawowa a 2025, aka shigar da littattafai 252. A jerin 11 na farko akwai tsofaffin gwanaye biyu: Abubakar Adam Ibrahim da When We Were Fireflies, da Chika Unigwe da The Middle Daughter. Dukansu ba su kai ukun ƙarshe ba. Chigozie Obioma, wanda sau biyu yana shiga shidan ƙarshe na Booker, ya kai, tare da Nikki May. A watan Oktoba kwamitin ya sanar da sunan Oyin Olugbile, da littafinta Sanya, wanda shi ne labarinta na farko da aka buga.